Bindigar Orval Ba Ta Nutse Ba

Shekara talatin da ɗaya ina bayar da hayar kwale-kwale a tafkin Pruitt, kuma kafin bazarar da ta wuce ko sau ɗaya bai taɓa kifewa da mutum ba. Ku riƙe wannan da kyau, domin idan kuka je ofishin gunduma kuka duba takardu, za ku tarar wai a wata guda na bazarar nan da ta wuce ya kife sau sittin da uku. Wata ranar Asabar ma sau tara. Kuma kowace takarda, ban da tawa, da sa hannuna a ƙasa: Verna Cobb, mai shaida.

Ga yadda abin ya faro. 'Yan majalisar jiharmu, mutanen da ba su taɓa ganin karen daji ya farke cikin ɗan maraƙi ba, suka zauna can birni suka yi doka cewa duk mai bindiga irin mai cin harsashi da yawa ya je ya yi mata rajista. Sunayenmu kuwa suna hannunsu, sun kwaso daga wurin masu sayarwa. Kowa sai da wasiƙa ta same shi. Kwana sittin aka bayar: ko ka yi rajista, ko ka rantse a takarda, da mai shaida, cewa bindigar ta bar hannunka. Wanda ya ƙi duka biyun, shi da alƙali.

Aka taru a zauren coci, kowa na huci. Babu wanda ke shakkar cewa dokar ta taka tsarin mulkin ƙasa, kuma kowa ya san yau rajista ce, gobe mota za su kawo su kwashe. Hoyt Ledbetter, mai shagon kayan noma, wanda bakinsa ya fi shagonsa girma, ya hau kujera ya ce sai dai a tsallaka gawarsa. Aka tafa. Da tafin ya lafa aka tambaye shi to me za a yi, sai ya sauko daga kujerar, ya rage murya, ya ce ai abu mai sauƙi ne, kowa ya rubuta cewa ya fita kamun kifi da bindigarsa, kwale-kwale ya kife, ta tafi ƙasan ruwa. Kwale-kwale ɗaya ne a garin. Sai na ga zauren gaba ɗaya ya juyo yana kallona.

Ban yi musu ba, kada in yi muku ƙarya, ita dai na yi wa gwamnati ta isa. Ni ma ina da bindigar marigayi mijina a bayan tufafi, kuma tawa ce ta fara nutsewa, Hoyt ya shaida. Daga nan layi ya kafu a ƙofar rumfata. Mutumin da rabonsa da tafkin nan tun yana ɗan makaranta ya zo ya ba ni labarin igiyar ruwan da ta ɗauke shi, a tafkin da mafi zurfinsa bai wuce haɓar dogon mutum ba. Nadine, mai karɓar takardu a ofishin gunduma, tana buga musu hatimi ko ɗaga kai ba ta yi. Sau ɗaya kawai ta tambaye ni ko ban taɓa tunanin sake sana'a ba.

Mutum ɗaya ne bai zo layin ba, yayana Orval Tackett. Shekararsa saba'in da biyu, dattijon coci ne, ɗan littafin tsarin mulki a aljihun hagu, Littafi Mai Tsarki a na dama, har rigar ta saba ta yi kumatu. Duk garin babu wanda ya kai shi ƙin dokar nan. Matsalar ita ce Orval ba ya ƙarya. Ba yabonsa nake ba, ciwo ne, kuma mu 'yan gida mu muka sha wahalarsa. Mutumin da zai sayar da saniya ya bi mai saye har mota yana gaya masa tana harbi da ƙafar hagu. Ranar da mahaifiyarmu ta cika tamanin ta tambaye shi yadda ya ji gasasshen naman da ta kwana biyu tana shiri, ya ce ya bushe.

Na same shi a garkensa saura kwana shida wa'adi ya cika. Na ce masa ya zo ya sa hannu, minti ɗaya ne. Ya ce ba zai ɗora sunansa a kan rantsuwar ƙarya ba. Na ce to ya yi rajistar mana, ya dube ni kamar na zagi ubanmu. Na ce shi ke nan, mu je tafki ya jefa ta da hannunsa, sai ya rantse da gaskiyarsa. Ya ce idan ya jefa da hannunsa ai ya yi musu aikinsu ke nan, har ya rage musu kuɗin mai. Na tuna masa cewa saura hanya ɗaya, kurkuku, da shekarunsa da ciwon gwiwarsa. Ya sosa wuyan wata saniya, can ya ce ya yi tunani. Idan da gaske kwale-kwale ya kife, da gaske kuma ta suɓuce masa, to wannan hukuncin Allah ne, zai rantse da zuciya ɗaya.

"Ke za ki kifar da mu," in ji shi. "Amma kada ki gaya mini lokacin, kada kuma in gane."

Haba jama'a. Amma ɗan'uwa ɗan'uwa ne.

Ranar Litinin da safe muka fita, yana zaune a tsakiya da bindigar a kan gwiwa kamar mai rakiyar gawa. Na bari muka yi nisa, na taka gefe da dukkan nauyina. Kafin ruwa ya taɓa baki har ya karkata ɗaya gefen ya daidaita mu, ya kuma ba ni haƙuri, wai jikinsa ne ya yi da kansa. Ranar Talata na nuna masa sama na ce ya ga wata mikiya. Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce tun ina shekara biyar idan zan yi rashin gaskiya sai hancina ya buɗe. Ya ce wannan ko da mun kife ba za ta shiga lissafi ba.

Zuwa Laraba labari ya gama gari. Motoci suka jeru a bakin tafki, maza zaune a bayansu da kofi a hannu suna ba ni shawara, mutanen da a takarda kowannensu ya riga ya kife sau ɗaya. Hoyt har da kawo kujera. Orval ya rufe ido yana waƙar coci don kada ya gan ni. Na ja baya, na yi tsalle na dira a gefe. Kwale-kwalen nan mai faɗin gindi ne, mijina ya zaɓe shi musamman don ba ya kifewa. Ya ɗan girgiza kawai, ni kuwa na wuce ruwa da ka. Da na ɗago, Orval na zaune a bushe, ido rufe, ya shiga baiti na uku.

Ranar Alhamis na fita ba da niyyar komai ba sai faɗa. Muna kai tsakiya na ajiye abin tuƙi na wanke shi tas. Na ce taurin kansa ba tsoron Allah ba ne, girman kai ne, yana so a ce duk garin shi kaɗai ne mai tsarki. Na ce idan aka kulle shi wa zai duba shanun, ni da bayana mai ciwo? Ya ce shi bai taɓa cewa ya fi kowa ba. Na ce ba sai ya faɗa ba, fuskarsa na faɗa kullum. Na tono masa maganar naman mahaifiyarmu, na gaya masa ta yi kuka a kicin ran nan, shi bai sani ba. Nan ya miƙe tsaye yana nuna ni da yatsa, ni ma na miƙe na nufe shi, muka haɗu a gefe ɗaya.

Ban san lokacin da sama ta koma ƙasa ba. Na taso ina tofar da laka, ina lalube, ina kiran sunansa, domin Orval bai iya iyo ba. Sai ga shi can tsaye, ruwa har haɓa, hula ta tafi, tabarau sun tafi, haƙoran robarsa sun tafi. Hannayensa biyu a sama, bindigar a kansu, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

"Sake ta, Yaya," na ce. "Haɗari ne na gaske, kowa ya gani. Buɗe hannunka kawai."

Ya ɗaga kai ya dubi hannayen kamar na wani ne. Ya daɗe yana kallonsu.

"Sun ƙi," in ji shi.

A haka ya taka har gaɓa, hannu a sama, mutanen bakin tafki suna dariya har da masu kwanciya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce mini ya roƙi Allah amsa, kuma ya samu.

Washegari na kai shi ofishin gunduma. Nadine ta miƙo takardar da hatimi a ɗaya hannun, a shirye. Ya ari tabarauna ya rubuta a hankali, ta karanta, hatimin ya tsaya a sama. Abin da ya rubuta shi ne kwale-kwale ya kife ranar Alhamis, ya rasa haƙora da tabarau da hula, bindigar tana bayan ƙofar ɗakinsa, kuma ba zai yi mata rajista ba domin dokar ta saɓa wa tsarin mulki. Nadine ta roƙe shi ƙasa-ƙasa, ta ce za ta yaga ta ba shi sabuwa, babu wanda zai sani. Ya ce shi zai sani.

Babban ɗan sandan gundumarmu ya ce shi ba zai kama Orval ba, dama shi ma bindigoginsa goma sha ɗaya ne suka nutse. Sai 'yan sandan jiha suka zo, da ladabinsu, suka ɗauki bindigar suka ba shi ranar kotu. Kafin ranar ta zo Orval ya zama gwarzo. Hoyt ya buga huluna da sunansa, ya yi hayar bas, muka cika ta maƙil zuwa babban garin gunduma ana waƙa a hanya. Kotun ta cika har da na tsaye.

Alƙalin wani tsoho ne mai kama da wanda ke son ya tafi cin abinci. Tun farko ya nuna ba ya da niyyar kulle ɗan shekara saba'in da biyu, za a riƙe bindigar a ja masa kunne ya tafi gida. Na fara sakin numfashi. Sai lauyar gwamnati ta miƙe, wata siririya mai sanyin murya, da tulin takardu a gabanta. Tun daga inda nake na gane su, domin na san rubutuna. Orval ya riga ya ɗora hannu a kan Littafi ya rantse. Ta ce ta ji labari a garinsu ana cewa bai taɓa yin ƙarya ba. Ya ce yana ƙoƙari.

"To Mista Tackett, ka san wani a garinku da ya rantse bindigarsa ta nutse, alhali tana gidansa?"

Na ji kujera ta yi ƙara a bayana. Hoyt ne, wai ya tuna ya bar wani abu a bas. Na kusa da shi ya bi shi don ya taya shi nema. Sai tari ya kama wani, ya fita don kada ya dami kotu. Ban waiwaya ba, amma ina jin takalma suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ni ko motsi na kasa. Sunana na kan takardun nan duka, kuma mutumin da ake tambaya shi ne wanda ya gaya wa uwarsa namanta ya bushe.

Orval bai dube ni ba. Ya ce ya sani.

Ta tambaye shi su waye. Ya ce ba zai faɗa ba. Alƙali ya cire tabarau, ya yi masa bayani kamar mai lallashin yaro, cewa maganar bindiga ta ƙare, ga ƙofa can, amma ƙin amsa tambaya raina kotu ne, kuma zai iya ajiye shi har wata shida ko sai ranar da ya buɗe baki. Ya ce ko suna ɗaya ya bayar ya isa. Sau uku yana tambayarsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Orval, da bakinsa marar haƙora, "ƙarya ba zan yi ba, suna kuma ba zan bayar ba. Sauran kuma aikinka ne."

Da za su fita da shi ya roƙa a bar shi ya yi magana da ƙanwarsa. Na taso, na shirya jin duk abin da zai gaya mini, domin na cancanta. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya miƙo mini. Ya ce jar saniyar nan ta kusa haihuwa, in riƙa duba ta safe da yamma, kuma kada in tsaya ta hagunta. Na ce masa bari in je in gaya musu da bakina, ni ce na sa hannu, a sake shi.

"Idan kika faɗi naki, kin faɗi na mutum sittin da biyu," in ji shi. "Je ki gida, Verna."

Da na juya, benci bakwai da muka cika babu kowa a kansu sai huluna biyu da aka manta. Na fito waje, bas ta tafi. Na zauna a matakalar kotu da rigarsa a cinyata na yi kukan da rabona da shi tun mutuwar mijina, rabi haushinsa, rabi kunyar kaina, kuma kunyar ta fi yawa.

Yau kwanansa arba'in da ɗaya a ciki. Saniyar ta haifi mace, kuma har yanzu bai faɗi sunan kowa ba.