Gwangwanin Mma

"Ticha, buɗe. An turo mini wata lamba daga Kumasi."

Ban gama sallamar ɗalibaina ba Masta Abukari ya fara buga ƙofa. Na buɗe na same shi yana haki, waya a hannu, kayan aiki a jikinsa duk fenti.

"Shigo ka zauna, Masta. Dubi yadda ƙafarka ta kumbura."

"Bar ƙafa. Kira lambar nan, idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Mu maƙwabta ne a hawa na huɗu na wani tsohon bene a bayan Al Rigga. Ni Izzuddeen, mutumin Kano, ina koyar da 'ya'yan 'yan kasuwa karatu da rubutu a falona. Shi mutumin Zangon Kumasi ne, mai gyaran jikin mota a wani gareji a Ras Al Khor, shekararsa goma sha huɗu a Dubai. Ɗakinsa rabin falo ne da aka raba da katako. Ba shi da taga, ba shi da iyali a kusa, kuma a 'yan watannin nan ba shi da lafiya, don likita ya ce zuciyarsa ta gaji. Amma duk wannan bai hana shi sukuni ba. Abin da ya hana shi zama wuri ɗaya, suna ne guda ɗaya da ya rasa.

Na kira lambar. Wani tsoho ya ɗauka, ana jin kukan awaki a bayansa. Masta ya fizge wayar tun ban gama sallama ba.

"Baba, kana makarantar nan a Laberiya? Ka tuna matar nan mai 'yar yarinya, wadda take kwana kusa da allo?"

"Mma? Allah ya jiƙanta. Na tuna ta sarai."

"Sunanta nake nema, Baba. Sunan yanka."

"Ɗana, ai Mma muke ce mata."

Masta ya miƙo mini wayar, ya tashi ya je bakin taga, ya dawo, ya sake komawa. Wannan ne mutum na goma sha ɗaya da muka kira.

A shekarar 1990 Abukari yana da shekara goma sha tara, yana koyon aiki a Monrobiya, yaƙi ya rutsa da shi. 'Yan tawaye suka tattara baƙi, mutanen Gana da Najeriya da Gini, suka kulle su a wata makaranta a bayan gari. Su talatin da takwas a aji ɗaya, ban da yara, wata bakwai. Kowa da gwangwaninsa na madara ko na tumatir, a ciki ake zuba masa shinkafar da za ta kai shi gobe. Da gudawa ta kama shi har ya kasa tashi, Mma ce, matar nan mai 'yar yarinya, ta riƙa juye masa nata. An tafi da mijinta tun ranar farko, bai dawo ba. Ita kuma ta rasu saura kwana goma a sake su.

"Me ya sa ba ka tambaye ta sunanta ba?" na taɓa ce masa.

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ticha, kai ɗan Kano ne ko ɗan ina? Yaro kamata ya dubi sa'ar uwarsa ya ce mene ne sunanki? Ai ko mijinta ba zai faɗa a gabanmu ba."

Gaskiya ya faɗa. Ni kaina na kai shekara goma kafin na san sunan kakata, kuma a bakin baƙo na ji shi.

Bara ne ya fara aikin bangon. Mai garejin ya ba shi bangon baya, wanda ke kallon lungun da direbobi da masu lodin kaya suke bi zuwa masallaci. Masta ya kafa farantin ƙarfe a jiki, ya fara jera gwangwanaye. Kowane ɗaya sai ya wanke shi, ya buga suna a gindinsa da ƙananan ƙarafan haruffa irin na buga lambar injin, sannan ya ɗaure shi da ƙusa. Da farko dariya aka yi masa. Daga baya wani direba ɗan Bangui ya kawo gwangwanaye huɗu da sunayen 'yan uwansa da aka tsare a unguwarsu lokacin yaƙinsu. Wata Bahaushiyar Sudan mai sayar da shayi ta kawo biyu. Mutanen Barno suka kawo buhu guda. Ni aka ba wa aikin rubuta sunayen a takarda da manyan baƙaƙe, don kada a yi kuskure. Bangon ya cika har ya zagaya kwana, aka sa ranar Juma'ar ƙarshen wata za a taru a yi addu'a a gabansa.

Amma layin sama, na mutanen ajinsu, talatin da bakwai ne. Gurbi ɗaya yana nan a tsakiya.

Ranar Asabar na bi shi garejin, don na ga bai kamata ya hau bas shi kaɗai ba. A hanya bai zauna ba, yana tsaye riƙe da ƙarfe, yana duba waya duk tasha. Muka tarar da Shu'aibu, abokin aikinsa ɗan Fagge, yana goge wata ƙofar mota.

"Masta, ka dawo? Likita bai ce ka kwanta ba?"

"Likita ne zai gama mini bango?"

"Bango ai ya gamu. Ka buga Mma kawai, khalas, shi ke nan. Haruffa uku, minti biyu."

"Mma nawa ne a Zango? Uwata Mma, uwarka ma da a can take Mma ce. Idan na buga Mma, wa na buga?"

"To Allah bai san ta ba ne?"

"Allah ya san ta. Ni ne ban sani ba, chale, abokina, ni da na cinye mata abinci." Ya ɗauko gwangwanin da ya tanada mata daga kan shiryayye, wani na madara da ya goge har yana ƙyalli. Ya juya shi a hannu ya mayar. "Ku mutanen Kano komai gaggawa."

"Mu ne masu gaggawa? Kai da ko shayi a tsaye kake sha?"

Masta ya yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da muka zaunar da shi a kan taya.

A ranar ce na ce masa mu canza hanya. Mu daina neman waɗanda suka san matar, mu nemi yarinyar. Na zauna na rubuta saƙo a tsanake, da Hausa da Turanci: ana neman wata mata mai kimanin shekara talatin da takwas, wadda aka dawo da ita Gana daga Laberiya tana ƙarama, ba uwa ba uba. Muka tura wa limamai da ƙungiyoyin Zango na Kumasi da Nima da Tamale. Masta ya sa na karanta masa sau uku.

Daga nan kwanciya ta kama shi. Ya daina zuwa aiki, amma bai daina yawo ba. Daga ɗakinsa zuwa ƙofata taku tara ne, yakan yi su sau goma a yini, yana dafa bango.

"An amsa?"

"Ba a amsa ba tukuna, Masta."

"Duba dai. Wataƙila wayarka ce ba ta da kyau."

Sai in duba a gabansa, in nuna masa. Maimunat, matata, ta koyi dama koko irin nasu mai yaji da citta, tana aika masa kowace safiya. Yakan sha rabi ya rufe sauran da faranti, ya ce na anjima ne. Ba ya iya ganin an zubar da abinci, ko cokali ɗaya.

Ranar Litinin da safe na kai masa kokon, na tarar yana zaune a bakin katifa, ya sa takalmi ƙafa ɗaya, ɗayar ta ƙi shiga. Numfashinsa yana fita da ƙara.

"Ina za ka?"

"Gareji. Shu'aibu zai buga abin nan in ba na nan. Na san shi."

"Asibiti za mu, Masta."

A cikin tasi ya riƙe hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba. "Ticha, kada ku buga komai sai sunan ya zo. Ko an taru, ko ba a taru ba."

"Na ji."

"Ka ji, ko ka yarda?"

"Na yarda."

Ya rasu washegari kafin azahar. Ina gefensa ina karanta masa abin da ya sauwaƙa. Takardu suka ɗauke mu kwana biyu, ranar Alhamis muka kai shi maƙabartar Al Qusais, mu kusan arba'in, yawanci da kayan aiki a jikinmu.

Ranar Juma'ar da aka sa, bayan an sauko daga masallaci, mutane suka taru a lungun. Rana tana dukan gwangwanayen har ba a iya kallonsu kai tsaye. Mai shayi ta tsaya a gaban nata biyun tana shafa su da gefen mayafi. Shu'aibu ya ja ni gefe, gwangwanin a hannunsa na hagu, guduma a na dama, idonsa ja.

"Malam, dubi ramin nan a tsakiya. Haka za mu bar masa aiki? Mutane suna tambaya."

"Na yi masa alkawari, Shu'aibu."

"Shi ya tafi. Wa zai ci gaba da kiran Kumasi? Kai?"

Na ciro waya don in nuna masa ba a amsa ba, kamar yadda na saba nuna wa Masta. Sai na ga saƙon murya daga wata lambar Gana, ya shigo muna cikin salla. Na kunna, muka kara kunnuwanmu.

"Salamu alaikum. Sunana Hamamatu, ina sayar da abinci a Tamale. Limaminmu ya karanta saƙonku. Ni ce yarinyar." Ta tsaya, ana jin ƙarar babura. "Ku yi haƙuri. Ban san sunanta ba. Shekarata huɗu lokacin. Waɗanda suka riƙe ni, a jirgin ruwan da ya dawo da mu Gana suka tsince ni, su ma ba su sani ba. Na yi ta tambaya har na gaji. Mma nake ce mata."

Na tsayar da saƙon. Shu'aibu ya daɗe yana kallon gindin gwangwanin. Sannan ya ajiye guduma a kan taya, ya jawo tsani, ya hau. Ya sa gwangwanin a gurbinsa yadda yake, ba harafi ko ɗaya, ya ɗaure shi.

Saura daƙiƙa ashirin a saƙon. Da Shu'aibu ya sauko na ƙarasa kunna mana.

"Ku gaida mai neman. In shi ne dogon yaron nan mara lafiya da ke kwance a bayanmu, na tuna shi. Ban san yaƙi ba lokacin, ban san me ya sa aka kulle mu ba. Abin da na gane kawai shi ne, duk ranar da ni da shi muka ci, ita ba ta ci ba."