Yara Talatin da Ɗaya

Tun da Malam Mu'tasim ya sauka a Yola bai yi wa Dokta Zipporah ba. Mutum ya taso daga ɗakin binciken gwamnati a Abuja, a ba shi ruwa ya ce ya gode, a ba shi kujera ya tsaya yana kallon kwamfutarka! Ta san irinsu. Kai ka yi noma, su zo da buhu.

Shekara goma ke nan tana kan aikin nan a jami'a. A shekarar da mutanen Mubi da Michika suka cika Jimeta da gudun hijira, ita ta bi sansani tana ɗibar jinin uwaye da yara, don ta gano yadda sikila ke bin dangi. Da aka ƙulla haɗin gwiwa, ɗakin binciken ya zuba bayanan a manyan kwamfutocinsa. Yanzu ga ɗan aike da takarda: yara talatin da ɗaya, jini ya ce ga uwarsu a sansanin, fam ɗin rajista kuwa ya ce ba su da uwa a wurin.

"Ko an haɗa kwalabe, ko an ƙirƙiri fam," in ji shi. "In hakan ne, Dokta, dole a cire sunanki daga aikin."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Biri ya yi kama da mutum, dama sunan suke so su cire. Ta ce ya taso su je Wuro Hausa wurin Adda Kaltume, nas ɗin da ta cika fam ɗin da hannunta, ta yi ritaya tuni. A mota kowa na satar kallon jakar ɗan'uwansa.

Adda Kaltume ta sa tabarau, ta bi sunayen da ke kan takardar Zipporah da yatsa, ta dubi shekarun yaran. Can sai ta aje takardar, ta yi magana da Hausarta ta Yola wadda ba ta raba mace da namiji.

"Dokta, duk 'yan fari ne fa. Matan nan Fulani ne. Ka tambayi mace wannan yaronka ne, a gaban mutane, zai ce na maƙwabta ne. Kunya. Ni abin da ya faɗa na rubuta."

"Kin sani, Adda, kika rubuta haka?"

"To in ƙaryata shi a gaban surukansa?"

Mu'tasim ya cire hula ya share goshi. Lambobi kawai aka ba shi a Abuja, bai taɓa ganin shekarun ba. Ya ce shi ma ɗan fari ne, har mahaifiyarsa ta rasu ba ta kira sunansa ba. Ya ba Zipporah haƙuri, ya ce aikinta ba shi da aibu, sunanta na nan daram.

Daɗi ya kama ta, har ta fara shirya baƙar maganar da za ta sallame shi da ita. Sai ta tuna yadda ta raba sakamako a wancan lokacin. Ita ta kafa dokar da kanta, tana alfahari da ita: ba a ba kowa sakamakon yaro sai uwar da ke kan fam.

"Malam," ta ce, "cikin talatin da ɗayan, nawa ke da sikila?"

Ya buɗe kwamfutarsa a kan tabarma, ya duba. "Tara."

"Adda, ambulan ɗin sakamakonsu fa?"

"Suna ofis ɗinki, Dokta, cikin kwali. Ba wanda ya zo karɓa."

An tashi sansanin shekara bakwai da suka wuce, kowa ya kama gabansa. Zipporah ta san kwalin sarai. A kansa take ɗora fanka in zafi ya yi yawa.