Hankakin Sindubayi

Kwana goma da ƙona gawar tsoho Dattatre, ɗansa Sadanand ya tsuguna a bakin kogin da ke bayan gidansu, kai a aske ƙwal, ya ajiye curin shinkafa a kan dutse ya ja da baya. Saura hankaka ya sauko ya kai baki. In ya ci, mamaci ya tafi ba sauran buri. In ya ƙi, to akwai abin da ke ci wa tsoho rai, sai an ɗaukar masa alkawari da baki a gaban jama'a.

Sadanand bai zaci za a wuce minti biyar ba. Mutumin da a birnin Pune ba ya fita ofis sai ya kunna wa abin bautarsu Ganesha fitila, ko a layin mota kuka haɗu sai ya yi maka wa'azin karma, wai abin da ka shuka shi za ka girba. Ai hankaka ma ya san manya. Shirinsa kuwa ya kammala: gobe a garƙame gidan, a kai mahaifiyarsa Sindubayi, wadda yake ce wa Ayi, gidan tsofaffi, wanda shi yake kira wurin ibada da hutawa. Matarsa har ta ɗaure mata kaya. Tsohuwar tana can zaune kan matakalar kogi da ƙoƙon tagulla a cinya.

Hankaki sun fi ashirin a kan bishiya, sun zuba wa shinkafar ido. Ko ɗaya bai motsa ba.

Guruji, malamin da ke jan addu'a, ya yi gyaran murya ya ce a fara alkawura. Sadanand ya haɗa tafuka ya ce zai kai ragowar tokar Baba har birninsu mai tsarki, Kashi. Shiru. Ya ƙara da ciyar da malamai goma sha ɗaya. Guruji ya ɗaga kai ya dubi bishiya da kwaɗayi, amma ina. Ya ce zai daina cin nama, abin da shekara da shekaru yake rantsuwa ba ya taɓawa, sai kawunsa ya sarƙe da tari. Wani hankaka ma baya ya juya ya saki abin da ya saki.

Rana ta fara dukan sabon aski, masu wanki sun bar wanki sun zo kallo. Guruji ya raɗa masa cewa in abin ya faskara, akan ƙulla hankaka na ciyawa a taɓa shinkafar da shi a tashi. Sadanand ya girgiza kai. Ya san garin nan sarai, har jikokinsa sai an nuna su an ce ga jinin wanda ubansa ya ƙi abincinsa.

Kawun ya ce, "Kai yaro, bar kewaye-kewaye. Ka san abin da ke ran Dattatre, mu ma mun sani."

Sadanand ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi kogi. Ya yi ƙunƙuni, Guruji ya ce ya ɗaga murya, tsoho dama kunnensa da nauyi.

"Baba, Ayi ba inda za ta. A gidanta za ta zauna, ni zan riƙa zuwa."

Sai aka ji ƙwan, ƙwan, ƙwan, a hankali. Hankaki suka zubo gaba ɗaya, kafin ƙiftawa dutse ya zama tas. Mata suka fashe da kuka, Guruji yana ta sa albarka.

Sadanand dai ya sandare, don ya san ƙarar nan tun yana yaro: cokali ne a jikin tagulla. Kullum da safe uwarsa kan zuba wa hankakin da ke bayan gidansu tsaki, wanda duk ya sauko kafin ta buga ƙoƙo sau uku sai ya sha tsintsiya. Haushi da kunya suka turnuƙe shi, ga shaidu sun fi hamsin. Ya taka ya tsaya a kanta.

"Ayi, ke ce."

Tsohuwar ta goge cokalin da gefen zane.

"Shekara arba'in da biyu, ubanka bai taɓa buɗe baki ya tsaya mini ba. Yau da na ga ana sauraronsa, na ce bari in taya shi."

Ta miƙa masa hannu ya tashe ta, ta ce ya gaya wa matarsa ta kwance kayan a hankali, akwai kwalbar magani a ciki.