Jana'izar da Farfesa Pyo Ya Gani

Farfesa Pyo ya ce bai taɓa rubuta kalma ɗaya a kan fim ba sai ya kalle shi sau uku: da ido, da zuciya, sannan da alƙalami. A bakin tagar tikiti ya faɗa, ina ciki ina goge gilashi.

Silimarmu a birnin Daegu kujera hamsin da biyu ce, a ƙarƙashin shagon miyar ƙashi. Shekara biyu ni ke jan hirar da ake yi bayan fim duk Asabar. Ban yi jami'a ba, a kujerar baya na koyi abin da na sani. Sai ga mai silimar, Madam Yeom, ta ce wannan Asabar Farfesa zai ja, in mutane sun ji daɗi ya riƙe.

"Da-som, kar ki kumbura min baki," ta ce. "Mutumin nan a jarida yake raba wa finafinai taurarin yabo."

"Shugaba, yaushe ya kalli fim ɗin?"

"Ya ce sau uku."

"A ina? Mu kaɗai ke nuna shi a garin nan, kuma ni ke yaga tikiti."

"Manya har gida ake aika musu."

Ƙila. Na kira masu rarraba fim ɗin, suka ce za su duba, shiru.

Ranar Asabar da rana ya iso da mayafin wuya, a zafin Yuli. Minti goma da kashe fitila ya fito, wai zai amsa waya. Bai dawo ba sai da sunayen masu fim suka fara hawa allo a ƙarshe, yana warin tafarnuwar shagon miyar ƙashi. A wurinmu ba mai tashi sai sunan ƙarshe ya wuce, shi ma ya zauna ya yi ajiyar zuciya tare da kowa.

Fim ɗin labarin ya da ƙanwa ne masu shanya kifi, da tsohon ubansu. Farfesa ya karɓi makirfo, ya lumshe ido.

"Wannan jana'iza ta uban a bakin teku," ya ce, "nan ne fim ɗin ya zama waƙa."

Mutane suka gyaɗa kai, wata har rubutawa ta yi. Ni sau goma sha ɗaya na kalli fim ɗin, ban ga gawa ba. Amma yadda kowa ke gyaɗawa, sai na fara tuhumar kaina ko barci nake yi.

Wata budurwa mai hula a layi na uku ta ɗaga hannu. Na kai mata ɗaya makirfon.

"Farfesa, a gafarce ni, a minti na nawa jana'izar take?"

Ya yi murmushi. "'Yata, ba da agogo ake kallon fim ba. Ajinki nawa?"

Ta miƙe, ta cire hula, ta rusuna masa sosai. "Sunana Bang Seul-gi. Ni na shirya fim ɗin."

Madam Yeom ta matso ta zare makirfon daga hannunsa da hannu biyu, cikin ladabi, ta miƙo min.

"Laifinmu ne, Farfesa," in ji budurwar. "Tun watan Maris na yanke jana'izar, muka manta ba mu cire ta daga littafin da muka raba wa 'yan jarida ba. Uban yana raye. Shi ne mai cin taliya a ƙarshe."