Kafin Auta Ya Zauna

"Share mini fayilolin gwajin nan kawai, kada ka taɓa komai bayan su," in ji Yaya, tana laluben makullin mota a jaka. "Zan ɗauko yarinya daga makaranta in dawo. Ƙarfe biyu shugaban asibitin zai zo."

"An gama, Yaya," in ji Auta. Kafin ta kai bakin ƙofa har ya ɗare kujerarta.

Su uku ne a ofishin: Yaya mai kamfanin, ƙaninta Auta, sai Mai Zane da ke tsara fuskar manhaja a teburin kusa da taga. Mako uku ke nan Yaya tana fama da manhajar da za ta tsara layin ganin likita a wani ƙaramin asibiti. Asibitin ya hana a ɗora bayanansa a intanet, don haka aikin duka yana cikin kwamfutarta, yau kuma za a nuna shi.

Auta ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. A baƙin allon nan da masu rubuta manhaja ke ba kwamfuta umarni da rubutu, yatsunsa gudu suke kamar an biyo su. Ba ya rubuta sunan fayil har ƙarshe, haruffa biyu zai buga ya bar kwamfuta ta ƙarasa masa. Dogon umarni kuwa ya yanke shi ya raɗa masa gajeren suna. Abin da ya fi ba shi dariya a duniya shi ne ɗabi'ar Yaya: sai ta tambayi kwamfuta a wace folda take, ta rubuta umarni, ta ɗage hannuwa daga kibod, ta karanta shi a fili kamar 'yar aji ɗaya, sannan ta danna Enta.

"Yaya fa da kwamfuta hira suke," yakan ce wa Mai Zane. "Saura kaɗan ta tambaye ta ya gida ya yara."

To, shi ma Auta yana da tasa dabarar. Shekara biyu da suka wuce ya gyara umarnin sharewa, wato rm, a kwamfutarsa, ta yadda duk lokacin da ya buga shi sai ta jero masa abin da za ta share, ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya saba da wannan tambaya har ya manta shi ya ɗora ta. Ba ya duba komai kafin ya buga, sai an tambaye shi yake dubawa.

Ya buga umarnin, ya sa alamar tauraro mai nufin duk abin da ke nan, ya danna Enta, ya miƙa hannu ya ɗauki biskit ɗin Yaya yana jiran tambaya.

Kwamfutar Yaya ba ta tambayi kowa komai ba. Ta yi abin da aka sa ta, ta dawo da layi fari tas, tana jiran wani umarnin.

Ya daina taunar biskit ɗin. Sai a lokacin ya tambayi kwamfutar inda yake. Ashe ba cikin foldar gwaji yake ba, yana cikin uwar foldar aikin ce. Ya nemi ta jero abin da ke ciki, ba ta jero ko ɗaya ba. Ya sake nema, kamar mai sake leƙa tukunyar da ya san babu komai a ciki.

"Lafiya?" in ji Mai Zane. "Na ji kibod ya yi shiru. Tun da na zo ofishin nan ban taɓa jin haka ba."

"Na share aikin Yaya."

"Wanne daga ciki?"

"Duka."

Mai Zane ta ajiye kofin shayinta a hankali. "To duba kwandon sharar kwamfutar mana."

"Wannan ba ya bi ta kwandon shara," in ji Auta, gumi na keto masa duk da fankar da ke kansa. "In ya tafi, ya tafi."

Tsoro ya ji na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da ya fasa gilashin motar babansu. Mako uku na wahalar Yaya, ga agogon bango ya nuna ɗaya saura kwata. Ya fara neman hanyar dawo da fayiloli a wayarsa, bai kai ko'ina ba ya ji ƙarar motarta a waje.

Yaya ta shigo riƙe da hannun 'yarta, ta zaunar da ita, ta ba ta takarda da fensir. Ta dubi Auta sau ɗaya.

"Me ka ɓata?"

Ya miƙe tsaye, ya faɗa mata komai bai rage ba. Ya jira faɗa. Yaya ta dubi allon, ta dubi ledar biskit.

"Har da biskit ɗina?"

"Yaya, don Allah, ba lokacin wasa ba ne."

"Matsa."

Ta zauna, ta ciro wata 'yar ma'ajiyar fayiloli daga jakarta ta soka a kwamfutar. Ta tambaya inda take, ta rubuta umarni, ta ɗage hannuwa, ta karanta a fili. Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Allon ya cika da jerin foldoji, duka sunansu ɗaya, kwanan wata ne kawai ya bambanta: kafin-auta-ya-zauna.

Mai Zane ta matso tana ƙirgawa da yatsa. "Goma sha bakwai!" Ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

Auta ya ƙura wa ta farkon ido. Kwanan watan ranar da ya fara aiki a ofishin ne. Ta ƙarshe kuwa ta yau ce, sha biyu da minti goma.

"Wato duk lokacin da zan zauna a kujerarki sai kin kwafi komai?"

"Ni na goya ka, Auta," in ji Yaya, tana mayar da aikin mazauninsa. "Sau goma sha shida ban buƙace su ba, ai ka yi ƙoƙari."

Kunya da daɗi suka haɗe masa, ya rasa wanda zai fara ji. Ya koma teburinsa sumui-sumui, ya buɗe kwamfutarsa, ya cire gyaran nan da ke tambayarsa ko ya tabbata, don ya koyi dubawa da kansa.

Ƙarfe biyu daidai shugaban asibitin ya iso, dattijo mai furfura da tabarau. Bayan gaisuwa Yaya ta ja kujerarta baya.

"Auta, zo ka tayar mana da manhajar."

Ya dube ta ko wasa take. Ba wasa take ba. Ya zauna a bakin kujerar, ya tambayi kwamfuta inda yake. Ya rubuta umarni, ya ɗage hannuwa biyu sama, ya karanta shi a fili harafi bayan harafi, sannan ya danna Enta da yatsa ɗaya. Manhaja ta tashi, layin marasa lafiya ya jeru tsaf.

Dattijon ya gyaɗa kai cikin gamsuwa. "Madalla. Yaran yanzu sai gaggawa, amma wannan ƙanin naki akwai natsuwa."

"Haka yake, ranka ya daɗe," in ji Yaya. Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. "Tun wajen ƙarfe ɗaya."