Famfon Tsohon Maƙwabci

"Ajiye tsintsiyar nan, 'yata."

Mai ɗinki ta tsaya da hannu a sama, tana shirin kaɗe gidan zanzaro daga jikin tagarta. Muryar ta fito ne daga bayan gajeriyar katanga, inda tsohon maƙwabcinta yake kwance a gadon da aka fitar masa ƙarƙashin ɓaure. Mako uku ke nan ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa.

"Baba, ɓata min yadi suke yi."

"Tumatir ɗinki fa, wa yake cire masa tsutsa? Ni?"

Ta yi dariya, ta zagaya ta zauna gefensa. Ya rame har zoben hannunsa yana yawo. Ya nuna mata famfon tsakar gida da haɓa. Yana ɗiga, ɗis, ɗis, ƙasar wurin ta yi laushi.

"Shekara tara 'yar cikina tana cewa a kira mai gyara. Nan zanzaro ke ɗibar laka. Kurciya ta sha, ta kashe ƙishi, ta bar iri. Wannan ɓauren ma tsuntsu ne ya shuka shi, ni dai inuwa na samu."

Daga ranar ta riƙa kawo ɗinkin hannu wurinsa da hantsi. Wani lokaci yana magana sarai, wani lokaci kamar daga cikin ruwa. Ya ce ya yi mafarki jijiyoyin bishiyar sun ratsa ƙarƙashin katanga, sun shiga ɗakinta, suna sauraren ƙarar keken ɗinkinta.

"Me suka ce, Baba?"

"Sun ce kina sauri da yawa."

Ranar Laraba tana saka maɓalli, ganye ya faɗo kan ƙirjinsa. Ta jira numfashi ya ɗaga shi. Bai ɗaga ba. Ta daɗe riƙe da allura kafin ta iya kiran 'yarsa, kuma da ta kira, muryar da ta fito ba irin tata ba ce.

Bayan masu ta'aziyya sun watse, ita da 'yarsa suka kama gadon za su mayar da shi ɗaki. 'Yar ta tsaya cak.

"Yaya, duba."

A inda gadon ya rufe, ciyawa ta tsiro fara-fara, siririya, duk ta karkata wajen haske. A tsakiyarta wani kwaɗo ya zauna, maƙogwaronsa yana motsi a hankali.