Faifan Guduma

Alƙalin wasa ya busa usur, Guduma ya shiga da'irar jifa yana jujjuya faifan a hannu. Abin ma bai kai rabin bulo nauyi ba.

Ranar wasannin kamfani ce, kuma Manaja ya yi alkawari a gaban kowa: duk leburan da ya ci jifan faifai za a mayar da shi sito, aikin inuwa, har da fanka. Guduma kuwa ya gaji da rana, bayansa ma ya fara kuka. Tun yana saurayi aikinsa ɗaya, ya tsaya a ƙasa ya jefa bulo, Baba Magini ya cafe a saman gini.

Nan matsalar take. Hannun Guduma bai san a jefa abu a banza ba, sai da mai karɓa. Jifan farko ya hango mai awo tsaye da igiyarsa, ya cilla masa faifan a hankali, daidai ƙirji. Mutumin ya watsar da igiya ya kwanta rub da ciki. A na biyu hannun ya tuna da bene, faifan ya miƙe sama, ya dawo ya faɗi kusa da babban yatsan Guduma. 'Yan ofis suka yi dariya har da riƙe ciki.

"Maigida, nesa aka ce!" matarsa ta ƙwala daga cikin 'yan kallo. "Na riga na faɗa wa maƙwabta ka koma sito!"

Saura jifa ɗaya. Sai Baba Magini ya taso ya dafa kafaɗarsa. "Kai, ba ka iya jifa babu ni ba. Bari in je can in tsaya."

Tsohon ya taka har ƙarshen fili, ya wuce alamar kowa, ya buɗe hannuwa ya yi kiran da ya saba: "Turo!"

Guduma ya ji wani sanyi a ransa. Ya juya, ya saki. Faifan ya tafi yana shawagi, ya tsallake alamar direba, ya tsallake ta akawu, fili ya kaure da ihu. Yana gab da taɓa ƙasa Baba Magini ya matso, caraf, ya cafe shi.

Alƙali ya ɗaga jar tuta. Abin da bai faɗi ƙasa ba, ba a auna shi.

Guduma ya ruga, idonsa jawur. "Haba Baba! Haba!"

"Wallahi hannun ne, ba ni ba," in ji tsohon. Ya goge faifan da gefen rigarsa, ya miƙa masa, ya ƙi yarda su haɗa ido. Can ya ce ƙasa-ƙasa, "In ka tafi sito, wa zai riƙa jefo mini?"

Guduma ya buɗe baki zai yi masifa, sai ya fasa. Ya kalli furfurar tsohon, ya kalli matarsa da ke tahowa a fusace.

"Baba," ya ce, "tunda ka iya cafewa, ga ta nan, tare mini ita."